Tarihin Kashe Gobara, da Abin da Ya Shafi Ƙasar Danja



Maganar yau ta gobara ce, da yadda mutane suka yi ta neman dabarar kashe ta tun zamanin da, har aka kai ga motar 'yan kwana-kwana. An zaɓi wannan magana domin ƙasar Danja ƙasar noma ce, kamar maƙwabtanta Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Dukiyar manomi kuwa, dawa ce ko masara ko auduga, ba ta taruwa wuri guda sai da kaka, watau daidai lokacin da ciyawa ta bushe, iskar hunturu kuma ta taso. Abin da mutum ya yi wata shida yana wahala a kansa, wuta tana iya cinye shi kafin a gama cin tuwon dare.

A zamanin da, yawancin ɗakunan ƙauye na jinka ne, shingen gida kuwa na kara ko zana, ga rumbuna jere a tsakar gida. Idan tartsatsi ya tashi daga murhu, ko aci-balbal ta faɗi, sai a ji kururuwa, kowa ya fito da abin da ya samu, mata da tulu, maza da guga da ɗanyen ganye da ƙasa. Amma dattawa sun san ruwan tulu ba ya kashe jinkar da ta riga ta kama. Saboda haka babbar dabararsu ita ce su yanke wa wuta hanya: su ture dangar da ke tsakanin gida da gida, su sauke jinkar maƙwabci tun wuta ba ta iso ba. Mai ɗaki yakan yi gardama, don haka ba mai iya ba da wannan umarni sai mai unguwa ko dagaci, wanda idan ya faɗa za a ji.

Shari'a ma ba ta bar zancen ba. Littattafan Malikiyya da alƙalan En'e su ke hukunci da su a da sun bambanta mutum biyu. Wanda ya hura wuta a gonarsa ran da iska ke kwance, ya kuwa yi tsaron da aka saba, sa'an nan ƙaddara ta faɗa, ba ramuwa a kansa. Amma wanda ya hura ta ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar wani, shi zai biya. Wanda ya sa wa gidan mutane wuta da gangan kuwa, dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadar masa ɗauri mai tsanani.

Kada a zaci Turawa sun fi mutanen nan dabara tun asali. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta ƙone gidaje wajen 13,200. Ba su da komai sai guga na fata da ƙugiyoyi da 'yan ƙananan famfuna. Abin da ya tsai da ita daga ƙarshe shi ne iska ta kwanta, aka kuma rushe gidaje da albarushi don a yanke mata hanya, watau dabarar nan ta dattawan ƙauye ke nan.

Daga nan masu hikima suka duƙufa. A 1672 wani mutumin Holan, Jan van der Heyden, ya gyara mesa ta fata a birnin Amstadam, yadda za a kai ruwa har cikin ɗakin da ke ci. A 1721 Richard Newsham na Landan ya fito da famfo bisa ƙafafu, wanda ƙarti su kan jeru gefe da gefe suna danna hannayensa, ruwa na fita ba yankewa. A 1824 birnin Edimbara ya kafa rundunar kashe gobara wadda hukumar gari ke biya, ƙarƙashin James Braidwood, ita ce ta zama abin koyi ga sauran garuruwa. A 1829 aka ƙera injin kashe gobara mai aiki da tururi, daga baya irinsa suka yawaita, dawaki ke jansu. Sa'an nan mota ta zo: kamfanin Dennis na Ingila ya ƙera motarsa ta farko ta kashe gobara a 1908. Motocin wancan zamani buɗaɗɗu ne, ma'aikata na zaune a gefe, tsani a bisa, ga ƙararrawa ana kaɗa ta da hannu don a ba su hanya. Da yawa daga cikinsu an adana su a gidajen tarihi.

A Nijeriya kuwa aikin ya soma a Ikko a 1901, yana reshe ne na 'yan sanda, sai a 1963 aka yi doka wadda ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya mai zaman kanta. A Arewa haɗarin ya ƙaru sa'ad da ciniki ya bunƙasa. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wadda aka gama a 1929, ta ratsa ta Funtuwa, aka kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Auduga kuwa mugun abu ce ga wuta, don tana iya ci a cikin dila a ɓoye, ba a gani ba, sai ta tashi gaba ɗaya. An soke tsarin En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aikin 'yan kwana-kwana ya zama yana hannun gwamnatin jiha da ta tarayya.

To, akwai abu guda da ya kamata kowane shugaba ya sani game da motar nan, domin mutane sun ɗauka da ta iso magana ta ƙare. Ruwan da ke cikinta kaɗan ne. A ɗauki misalin motar Bedford mai koren fenti da aka ƙera wa gwamnatin Ingila daga 1953 zuwa 1956. Tankinta galan 300 ne zuwa 400, alhali famfonta yana iya tura kusan galan 900 a minti guda. Ke nan in an sake shi duka, tankin ba zai kai minti ɗaya ba. Amfanin mota famfonta ne, shi kuwa famfo sai da rijiya ko tafki ko madatsar ruwa a kusa. Har wa yau sai da hanya. Motar da ta taso daga wani gari, ta iske lungu ya tsuke ko rumfuna sun toshe bakin kasuwa, zuwanta da rashinsa duk ɗaya.

Kwano da bulo sun rage jinka, amma wuta ta sami sababbin ƙofofi, su ne wayar lantarki da aka ja barkatai, da fetur a jarka, da tukunyar gas. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, shaguna dubbai suka salwanta. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu na 2021, ta Katsina kuma ran 22 ga Maris na wannan shekara, ta Litinin ta Maiduguri a watan Fabrairu na 2023. Duk waɗannan manyan birane ne masu 'yan kwana-kwana a cikinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wuta ba ta rayuwa sai da abu uku: abin ci, da iska, da zafi. In an raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa yana kashe zafin kara da itace. Amma fetur da mai suna tasowa bisa ruwa su bazu, don haka maganinsu yashi ne ko jiƙaƙƙen buhu, a rufe su a hana su iska. Wutar lantarki kuwa ba a zuba mata ruwa sai an yanke ta tukuna, in ba haka ba mai zubawa zai halaka.

Saboda haka abin da ke wuyan shugabanni a gari kamar Danja a fili ya ke. A share ciyawa kewaye da rumbuna da tarin kara tun farkon kaka. A hana ƙona daji da farautar gafiya da wuta kusa da amfanin gona. Masu dafa mazarƙwaila su nisanta murhunsu daga tarin ɓawon rake. A ware wa masu sayar da fetur wuri nesa da kasuwa. A bar hanya mai faɗin mota tsakanin rumfuna, kada a sayar da ita komai kuɗin da aka bayar. Kowane mai unguwa ya san rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, ya kuma riƙe lambar wayar 'yan kwana-kwana mafi kusa. A yi shela kowace shekara kafin hunturu, a tuna wa mata su kashe garwashi kafin barci, kada kuma a kulle yara a ɗaki da wutar jin ɗumi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyashe talakawa da dukiyarsu daga sharrin wuta, ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Amin.