Fansho Haƙƙi Ne, Ba Sadaka Ba: Jawabin Dattawa A Taron Ƙungiya



Mu da muka yi ritaya daga aikin gwamnatin jiha, mun tashi mun tarar da Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, cike da fataken goro da na shanu. Yau kuwa samarinmu na zaman kashe wando, gidaje da dama sun dogara ga fanshon tsoho ɗaya.

To, ku sani, Sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko lokacin da aka sake duba albashi. Sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Ina rabon ɗan fansho?

'Yan siyasa ba sa tunawa da mu sai zaɓe ya matso. Saboda haka mu adana takardunmu na kama aiki da na ritaya, mu halarci tantancewa, mu yi rajistar zaɓe a nan inda muke biyan haraji. Wanda aka hana haƙƙinsa wai don baƙo ne, ya kawo kukansa ga ƙungiya.

Allah ya yi mana jagora.