BAƘON DA YA ZAMA ƊAN GARI

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta cika shekara 50 na Ikilisiyarmu a Kuceri
Karatu: Irmiya 29:4-7; Ayuba 14:7-9

  Mun san yadda hanya take a kwanakin nan, saboda haka duk wanda ya baro gidansa ya zo, ya yi mana babban abu.

Kwamitin biki ya ce in yi magana a kan hidima. Shekara hamsin ɗin nan da muke murna dominta, akwai gumin baƙi a cikinta, watau malamai da masu bishara da suka bar garuruwansu suka zo suka koya wa 'ya'yanmu karatu. Sakatare zai ambaci namu a cikin tarihi. Ni kuwa zan ɗauke ku zuwa Maraɗi a ƙasar Nijar, in ba ku labarin wani iyali. Ba nisa: wanda ya bi ta Ƙauran Namoda da Zurmi ya ɓulla Jibiya, ya kusa isa. Hausarmu ɗaya da su, tuwonmu ɗaya.

A shekarar 1981 wani matashi daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sauka Nijar tare da matarsa Liz da jariri a hannu. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta aiko su, wadda ta fara aiki a ƙasarmu tun 1893, daga cikin aikinta kuma ECWA ta fito a 1954. Masu irin wannan hidima makaranta ba ta biyansu albashi, ikilisiyoyi da abokai na gida ne suke haɗa abin da za su ci. Aka ba shi kula da makarantar noma ta Maza Tsaye, kusa da Maraɗi, inda samari ke koyon Maganar Allah da aikin gona tare. Aka ƙara masa da aikin dashen itatuwa a ƙauyuka, gama hamada tana cin ƙasar, iska tana binne shuka da rairayi.

Ya karanci noma a jami'a, amma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Sai da ya koma ɗan makaranta, ya koyi Hausa kamar yaro, ya koyi gaisuwa. Kun san gaisuwarmu ba ta gaggawa ce ba. Duk da haka aikin itatuwa ya ƙi. A kafa gandun reno, a kai dashe ƙauye, a shuka, sai awaki su ci, gara ta ci, rana ta ƙone saura. Manoma kuwa ba su damu ba, domin a ganinsu manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal. Akwai kuma wani dalili: a doka ta wancan lokaci itace na gwamnati ne, idan ka sare wanda ke cikin gonarka ma'aikatan gandun daji za su ci ka tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara?

Sama da shekara biyu yana wannan wahala, har ya kusa tattara kayansa. Wata rana a 1983 yana ɗauke da dashe a mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Shi da kansa ya sha faɗi cewa a wurin ya yi addu'a, ya roƙi Allah gafara saboda yadda mutane suka ɓata halittarsa, ya roƙa a buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya, irin wanda ya saba wucewa kullum. Da ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Gonakin nan duka cike suke da irinsa, su kalgo, sabara, magarya da gawo, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone.

Abin da Ayuba ya gani ke nan a sura 14, inda ya ce itacen da aka sare yana da sa zuciya zai sake tohowa. Na yi wa'azi a kan ayoyin nan sau da yawa a wurin jana'iza, ban taɓa tunanin darasin noma ne kuma ba.

Dabarar ba ta da wuya, manoman cikinmu ku saurara. Ka zaɓi kututture mai rai, ka bar tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka yanke sauran. Ka rage rassan ƙasa, ka kare shi daga dabbobi, ka riƙa komawa kana gyarawa. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, yana girma da sauri fiye da dashe. Mutanen Maraɗi suka sa masa suna sassabin zamani.

Kada ku ɗauka an karɓa nan da nan. Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada, aka yi musu dariya, shi kuma aka ce Baturen nan ya haukace. Sa'an nan yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen can suke kira 'Yar Buhari, domin a shekarar ce aka rufe iyakar Nijeriya. Iyalin nan ba su gudu ba. Suka shiga aikin raba hatsi, bisa sharaɗi cewa mai karɓa zai bar itatuwa a gonarsa. Da yunwa ta wuce, yawancin manoma suka koma suka sare. Ni a ganina wannan ya fi na farko ciwo, gama ya nuna masa hatsi aka bi. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: ga itacen girki kusa da gida, ga abincin dabbobi, gero kuma bai ragu ba. Aka zauna da hukumar gandun daji har ta yarda manomi ya amfana da itacen da ya rena. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci.

Sun zauna har 1999, 'ya'yansu a can suka tashi. Bayan tafiyarsu masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan adam, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo a kudancin Nijar. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da manomin nan na Burkina Faso, Yakuba Sawadogo. Sai dai mu faɗi gaskiya, manoma ne suka yi aikin, yawancinsu kuwa Musulmi, waɗansu ma ba su taɓa jin sunansa ba. Kakanninmu ma ai ba su sare gawo.

'Yan'uwa, abin da ya riƙe ni a labarin nan shi ne zaman. Da ya tafi a shekara ta biyu, da yau babu mai tunawa da shi. Wasiƙar Irmiya ga waɗanda aka kai Babila ta umurce su su zauna sosai a ƙasar baƙunci, su nemi alherin garin, ko da yake mutanen garin ba masu bin Allahnsu ba ne. Lokacin da aka fara tura ni ƙauye ina sabon fita daga makarantar Littafi Mai Tsarki, wata shida akwatina yana ɗaure. Wata tsohuwa ta ce mini, "Malam, ka kwance kayanka mana, mu san ko namu ne kai." Ranar da matata ta fara zuwa suna da gaisuwar mutuwa a gidajen maƙwabta, daga ranar yara suka ƙaru a aji.

Yanzu ga namu halin. Kun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar nan. Kun tuna 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da yadda aka rufe makarantu a jihar nan cikin Satumbar shekarar. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, mutanen can suka karɓe su. Waɗansu kuma suna nan tare da mu, a Tsafe da Gusau, da yaran da suka yi shekaru ba su riƙe fensir ba. Idan na dubi yaran nan, kututturen bakin hanya nake tunawa.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko, malamin da aka turo mana, ko ɗan bautar ƙasa wanda bai iya Hausa ba, kada mu bar shi ya ci abinci shi kaɗai. Zumuntar Mata, wannan naku ne. Na biyu ya fi nauyi. Shekara hamsin muna karɓa. A cikin ɗakin nan akwai malamai da suka yi ritaya, akwai matasa masu takardar koyarwa suna zaune. Ina roƙon iyali ɗaya, miji da mata su yarda tare, su ba da shekara uku su koyar da yaran da aka raba da gidajensu, su zauna a unguwar da yaran suke, Kirista da Musulmi duka. Mu da muka rage mu ɗauki nauyin hatsinsu da kuɗin haya. Ban ce babu hatsari ba, dattawa za su duba wurin da ya dace kafin a tura kowa.

Wanda Ubangiji ya taɓa zuciyarsa, ya fara shawara da matarsa ko mijinta tukuna, sa'an nan su ga dattawa kafin ƙarshen wata.  Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.