Malamin jami'a: jiki a aji, hankali a kasuwa



A shekarar 2022, malaman jami'o'in gwamnatin Najeriya sun yi yajin aiki na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Babban abin da ƙungiyarsu ta ASUU ke kuka a kai shi ne yarjejeniyar 2009, wadda gwamnati ta sa wa hannu amma ta yi ta jan ƙafa wajen cika ta. Da suka koma aji kuma, aka ci gaba da riƙe musu albashin watannin yajin, wai ba aiki ba biya.

To amma kada a ɗauka kuɗi ne kaɗai ke sanyaya gwiwar malami. Ku leƙa ajin 'yan shekarar farko a Zariya ko Kano: ɗalibai maƙil, wasu a tsaye, wasu ta taga suke leƙe. Mutum ɗaya zai duba takardun jarrabawarsu duka, sannan a ce sai ya buga bincike a mujalla kafin a ƙara masa girma, alhali ɗakin gwajin ba wuta. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya gina ajujuwa, ya tura malamai ƙaro ilimi, wannan gaskiya ne, sai dai gini ba ya koyarwa.

Shi ya sa ƙwararru ke tattara komatsansu su nufi Saudiyya ko Ingila, waɗanda suka rage kuma suna haɗawa da noma ko kiwon kaji.

Gwamnati, don Allah a cika alkawari, a kuma ɗauki sababbin malamai.