Wa Muke Yi wa Addu'a?

Maƙwabta sukan tambaye mu, "Alloli uku kuke bauta wa?" A'a. Allah ɗaya ne, haka Maimaitawar Shari'a 6:4 ta koya mana. Allah ɗayan nan kuwa, tun fil azal, Uba ne, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Gardamar ta daɗe. Ariyus na Iskandariya ya koyar cewa halittar Ɗan aka yi, amma shugabannin ikkilisiya suka ƙi wannan koyarwa a taron Nikiya a shekara ta 325. Idan Yesu halitta ne kamarmu, wa zai kai mu gaban Uba?

Afisawa 2:18 ta nuna mana hanyar: wurin Uba muke zuwa, ta wurin Ɗa, cikin Ruhu. Ranar da muka dawo daga jana'iza, bakinmu ya kasa furta kome, Ruhu yana roƙo dominmu, Almasihu ma haka (Romawa 8:26, 34). Saboda haka kada mu daina durƙusawa. Bari mu yi addu'a.