Sharuɗɗan Ɗauko Yaro Riƙo Daga Ƙasar Waje

Maganar da zan yi yau ta shafi miji da matar da suke da niyyar ɗauko yaro daga wata ƙasa, su mayar da shi ɗansu bisa doka.

Riƙo dai ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kaka takan riƙe jika, gwaggo takan riƙe ɗan ɗan'uwanta, ba alƙali, ba takarda, kuma kowa ya san uban yaron. Amma wanda muke magana a kansa ya sha bamban da wannan. A nan kotu ce take ɗauke hakkin iyaye daga wuyan waɗanda suka haifi yaro, ta ɗora wa waɗansu har abada. In kuwa za a ƙetare iyaka da yaron, to, dokoki biyu ne za su hau kan masu nema: dokar ƙasar yaron, da ta ƙasar da za a kai shi. Wanda ya cika ɗaya ya bar ɗaya, bai yi kome ba tukuna.

Bari mu fara da tamu. Dokar Hakkin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi kuwa kowace da tata dokar, saboda haka sai a bincika abin da ta jiharku ta ce. Bisa ga dokar ta Tarayya, miji da mata masu nema tare lalle ne kowannensu ya kai shekara 25, kuma aƙalla ɗayansu ya girmi yaron da shekara 21. Mai aure ba ya nema shi kaɗai sai da yardar abokin zamansa. Wanda ba shi da aure kuwa sai ya kai shekara 35, kuma namiji zai ɗauki namiji ne, mace ta ɗauki mace. Waɗannan sharuɗɗa an tsara su ne domin yaran da ake ɗauka a cikin gida, amma wanda bai cika su ba, bai kamata ya yi zaton zai sami sauƙi a waje ba.

Sa'an nan sai dokar ƙasar yaron, wadda sau da yawa ta fi tsanani. A Indiya, alal misali, sai miji da mata sun yi shekara 2 cikin zaman aure na lumana, kuma tsakanin yaron da kowannensu ba za a sami ƙasa da shekara 25 ba. Maroko ba ta san mayar da ɗan wani naka ba, abin da ta sani shi ne kafala, watau a riƙe yaro a ciyar da shi a ilimantar da shi, amma nasabarsa ba ta canzawa, kuma Musulmi kaɗai take bai wa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan hakkin yara, wadda Nijeriya ta tabbatar a 1991, ita ma ta amince da kafala. Waɗansu ƙasashen kuma sun rufe ƙofa: Habasha ta hana baƙi ɗaukar yaranta a 2018, ƙasar Sin ta bi sahu a 2024, in ban da 'ya'yan dangi na kusa.

Ko'ina aka je, za a binciki masu nema. Ma'aikacin jin daɗin jama'a zai shiga gidanku, ya ga makwanci, ya tambayi abin da kuke samu. Za a nemi takardar aure, da shaidar likita, da shaidar 'yan sanda cewa ba a taɓa kama ku da laifin cutar da yaro ba. Kada wannan ya ɓata muku rai. Wanda zai ba da 'yarsa aure ma yakan yi bincike, balle hukumar da za ta miƙa yaron da bai isa ya yi wa kansa magana ba.

Tushen wannan tsari shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan ran 29 ga Mayu, 1993, wadda ƙasashe fiye da 100 suka shiga. Ta ce kafin a fitar da yaro sai an fara nema masa gida a ƙasarsa. Yardar iyaye lalle ta zama a rubuce, ba tilas, ba kuɗi, kuma ba a karɓar yardar uwa sai bayan ta haihu. Nijeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya, don haka waɗansu ƙasashen da suke cikinta ba za su saurari takardar mazaunin Nijeriya ba. Ya kamata a san wannan tun ba a kashe ko kwabo ba.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina amfanin wannan dogon turanci, alhali ga marayu suna jira? To, ga abin da ya faru a maƙwabciyarmu Chadi. A watan Oktoba na 2007 aka kama waɗansu Faransawa a garin Abeshe suna shirin hawa jirgin sama da yara 103, suna cewa marayun Darfur ne. Da aka bincika, sai aka tarar yawancinsu 'yan Chadi ne, kuma iyayensu suna da rai. Kotu ta ɗaure mutum 6 daga cikinsu shekara 8, kafin daga baya a yi musu afuwa a 2008. A Faransa kuwa akwai iyalan da suka ba da kuɗinsu da kyakkyawar niyya suna jiran yaran. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da ɗan da aka raba da uwarsa maraya.

Saboda haka, jama'a, ga shawarar da zan ba ku. Ku fara da ma'aikatar da ke lura da jin daɗin jama'a a jiharku, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da kuke nufi. Ku tuntuɓi Hukumar Shige da Fice tun da wuri, gama hukuncin kotun wata ƙasa ba fasfo ba ne, ba kuma izinin zama ba ne. Kowane kuɗi kuka biya, ku biya hukuma ku karɓi rasidi. Duk dillalin da ya ce zai kawo muku jariri cikin mako biyu, ku kai ƙararsa ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane.

Rashin haihuwa abu ne mai ciwo, Gwamnati kuwa ba ta raina shi ba. Amma wata rana yaron nan zai girma ya tambaye ku daga ina ya fito, da yadda aka yi ya zo hannunku. Ku bi hanyar da za ku iya ba shi amsa ba tare da kun sunkuyar da kai ba.