Fitilar Cikin Mota Da Ta Ƙi Mutuwa: Jawabi Ga Masu A-kori-kura

(An gabatar da wannan jawabi a taron wata-wata na ƙungiya, aka nemi a buga shi don amfanin waɗanda ba su halarta ba.)



Abin da aka ce in yi magana a kai ƙaramin abu ne, wato 'yar fitilar nan ta rufin mota, wadda wani lokaci takan ƙi mutuwa bayan an rufe ƙofa. Amma ai kun san ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da yawa cikinmu a nan Jos da a-kori-kura muke ci da iyali: wani tumatir yake kaiwa Farin Gada, wani hatsi Katako, wani dankalin Turawa yake ɗaukowa daga Bokkos. Mota ta ƙi tashi da asuba, to lodin ranar ya wuce, kuma tumatir ba ya jiran kowa.

Bari mu yi lissafi. Ƙwan fitila mai wat 10 a kan batir mai bolt 12 yana shan kusan amfiya ɗaya. Batir mai lamba 60, in sabo ne, zai kwana ɗaya ya tashi mota. Amma ka ajiye ta daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, awa 60 ke nan, ƙwan ya sha kusan 50 cikin 60 ɗin. In kuwa batirin ya tsufa, dare guda ya isa. Ga shi garin namu yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu yana rage wa batir ƙarfi, yana sa baƙin mai ya yi kauri. Sannan duk lokacin da batir ya sauka ƙasa warwas, kwanansa raguwa yake yi, ko da an sake caja shi.

To, yaya fitilar take aiki? A yawancin motocinmu, tun daga Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 har zuwa Toyota Hilux, wuta tana zaune a ƙwan kullum, ko an zare makulli. Abin da take jira shi ne hanyar komawa batir, kuma ƙarfen jikin motar shi ne hanyar. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai ɗan maɓalli. Ka buɗe ƙofa, ya fito, ya haɗa waya da bodi, fitila ta kama. Ka rufe, ƙofa ta danne shi, ta mutu. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin.

Sai a bi abin daki-daki, daga mai sauƙi.

Na farko, duba makunnin da ke jikin fitilar. Matsayi uku gare shi: kunne, kashe, da na ƙofa. Sau da yawa yaro ne ko kan fasinja ya ture shi. A wasu motocin Amurka kuma, ɗan abin murzawa na hasken dashbod ne aka kai ƙarshe, shi ma yana kunna ta.

Na biyu, buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ka danna maɓallin da yatsa, sauran suna rufe. Wanda ka danna fitila ta mutu, to lafiyarsa lau, ƙofar ce ba ta kai masa. Ko robar kansa ta cinye, ko ƙofar ta saki saboda buguwa da ramukan hanya. Wannan aikin mai gyaran bodi ne.

Na uku, in ka danna ba ta mutu ba, kwance maɓallin, ka zare wayarsa, kada ka bari bakinta ya taɓa ƙarfe. In ta mutu, maɓallin ne ya lalace. A wanke shi daga ƙura da tsatsa, in ya ƙi, a nemi wani a Dilimi, ba tsada gare shi ba.

Na huɗu, in an zare wayoyin duka tana nan a kunne, to wata waya ce ta goge tana taɓa bodi. A nan sai a kai wa mai gyaran wutar mota.

Masu sababbin motoci, ku yi haƙuri kaɗan kafin ku ce ta lalace, domin wasu sukan jinkirta 'yan daƙiƙoƙi kafin su mutu. Ku kuma lura da alamar ƙofa a dashbod. In tana ci alhali ƙofofi na rufe, maganar ƙofa ce.

Idan dare ya yi ba a samu gyara ba, a cire ƙwan, ko a kwance kan batir mai alamar ragi. Abin da nake roƙonku da shi, kada fis ya ƙone a maye shi da waya ko takardar kwalin taba. Fis mai gadi ne. Ka kore shi, wayar da ta goge za ta yi zafi, mota kuma tana iya kamawa da wuta.

Bayan an gyara, a sa a gwada batirin. Cikakke yana nuna bolt 12.6 in injin na kashe, in yana aiki kuma wajen 14. Ƙasa da haka, a duba batir da abin cajinsa.

A ƙarshe, direba ko yaron mota, duk wanda ya kulle mota da dare, ya taka ƙafa uku ya waiwayo ya leƙa ciki. Rigakafi ya fi magani. Mai tambaya yana iya yi yanzu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa.