Karatu Ba Kallon Littafi Ba Ne

(Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar ga ɗaliban manyan makarantu)

'Yan'uwa, da yawanmu sai jarrabawa ta ƙarato muke kwana a aji muna bin takardun lacca da ido. Washegari a ba mu takarda, kai ya ɗauke wuta. Iyaye sun sayar da hatsi sun biya kuɗin makaranta, mu kuma mu koma da faɗuwa. Ina mafita?

Na farko, rufe littafi. Ka karanta shafi, ka kife shi, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka duba kurenka. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda.

Na biyu, rarraba karatu. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Don haka darasin yau ka waiwaye shi da daddare, sai bayan kwana 3, sai bayan mako. Da tilawa mahaddata suke riƙe abin da suka haddace.

Na uku, wani zai ce shi sai ya ji, wani sai ya ga zane. Masana sun bi wannan magana a 2008, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da kowa ta hanyar da ya fi so na ƙara fahimta ba. Darasi ke zaɓar hanya: taswira ta ido ce, furuci na kunne, lissafi sai hannu ya yi.

Na huɗu, ku haɗu uku ko huɗu, kowa ya koyar da babi guda. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba.

Mu fara daga daren yau.